Aikin waƙoƙin Kawu a XML, da rigimar farin fili

Asabar, 5 ga Oktoba 2024

Yau na fara aikin nan da gaske. Waƙoƙin marigayi kawuna ne, Allah ya jiƙan shi, waɗanda ya bari cikin kaye irin na ƴan lakwal, wasu na wa'azi, wasu na noma da damina, akwai guda mai tsawo kan Gulbin Maradi. Ƙanwata ta riga ta buga su a Word tun bara, to amma duk wanda ya buɗe a salula sai baitocin su wargaje mishi. Abin da nike so shi ne fishiye guda na XML, wato rubutun da ake yi ma kowane sashe alama da sunanshi, wanda zai zama uwa, daga shi in riƙa fidda kala uku da XSLT, harshen da ke juya XML zuwa wani tsari: shafin intanet, rubutu tsura na turawa a WhatsApp, da wanda za a kai wurin masu buga takarda.

Tsarin baliz ɗin, wato alamomin buɗewa da rufewa da ke kewaye kowane sashe, ba wuya: littafi, cikinshi waka, cikinta take da baiti, cikin baiti akwai dango. Kalmomin Larabci da Kawu yake sawa ya ja musu layi da jan biro na sa su cikin baliz aro, don su fito a karkace.

Kayan aiki: tsohuwar kwamfutata mai Ubuntu da xsltproc, injin da ke gudanar da XSLT, wanda XSLT 1.0 kaɗai ya sani, wancan na Nuwamban 1999. Ya ishe ni a yanzu. Kuɗin da na kashe: kile USB jaka 3.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na rubuta fishiyen XSL biyu, wato masu ɗauke da umurnin XSLT, na HTML (shafin intanet) da na rubutu tsura. Na HTML ya fito tsaf a burauza. Na rubutu kuma, wanda na sa ma method="text", kai, abin ba ya kalluwa, layi guda na waƙa sai layuka biyu uku wayam, sannan kowane ɗango ya tsere can tsakiyar shafi.

Na zauna na bi abin a hankali. Lokacin da nike rubuta XML ɗin ina danna Enter bayan kowace baliz, ina tura ta ciki da Tab don ido ya gane tsari. Ni a wurina ado ne. Mai karanta XML ɗin kuwa, wato injin ba mutum ba, ba ruwanshi da ado, ƙa'idar XML 1.0 tun ta 1998 ta ce duk harafin da ba baliz ba a miƙa shi gaba, saboda haka Enter ɗin nan da Tab biyu da ke tsakanin rufe wani dango da buɗe na gaba guntun rubutu ne cikakke a cikin bishiyar takardar, daidai da guntun da ke ɗauke da baitin kanshi. XSLT kuma yana da ƙa'idarshi ta gida wadda duk rubutun da ya taras ba ka ce komi a kanshi ba sai ya kwafe shi zuwa waje. A HTML ma suna nan, burauza ce kawai ke murƙushe su su koma tazara guda shi ya sa ido bai gani ba.

Haruffa huɗu ne kacal XML ke ɗauka a matsayin farin fili, wato haruffan da ido ba ya gani: tazara mai lamba 32, Tab lamba 9, sabon layi lamba 10, da komawa farkon layi lamba 13. Na rubuta su a bangon kaye don in riƙa tunawa.

Asabar, 12 ga Oktoba

Shigar da waƙoƙi kawai. Wuta ta ɗauke tun azahar, batirin kwamfutar ba ya riƙe caji, na tsaya.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na so kowane baiti ya fito da lambarshi a gefe, sai na sa position(), mai faɗin na nawa ne abu a jere, cikin xsl:template na baiti, wato umurnin da ke fidda baiti. Baitin farko ya fito da 4, na biyu 6, na uku 8. Farin filin nan ne dai ya sake dawowa ta wata ƙofa. Da yake na kira xsl:apply-templates ba tare da select ba, wato ban zaɓi waɗanda za a bi ba, injin ya jera duk ƴaƴan waka yana ƙirga: fili 1, take 2, fili 3, baiti 4, fili 5, baiti 6, haka har ƙasa.

Na sa layin nan a saman fishiyen XSL, mai cewa a share guntayen fili tsura cikin kowace baliz:

<xsl:strip-space elements="*"/>

Layukan wayam duk sun ɓace, rubutun ya haɗu ya yi kyau. Lambar kuma ta koma farawa daga 2 saboda take har yanzu yana cikin ƙirga, don haka na bar position() gaba ɗaya na koma xsl:number wanda baitoci ƴan uwan juna kaɗai yake lissafawa. Ko select="baiti" ma da ya yi maganin abin.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na tura waƙoƙi biyar na farko a gurup ɗin dangi. Kiredi dala 200.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Wannan ita ce babbar matsala tun da na fara, kuma ba ni na gano ta ba. Aminin Kawu, wani dattijon malami da ke unguwar Bagalam wanda yawancin waƙoƙin nan a gabanshi anka fara rera su, ɗanshi ya nuna mishi a salula, sai ya aiko a kira ni. Na je bayan la'asar, munka gaisa, ya miƙo mini salular ya ɗora yatsa kan layi guda.

Ya ce, "Ɗana, karanta mini nan."

Na ce, "Allah gafarta Malam, Ya RabbiJalla ka ba mu ruwa."

Ya ce, "Haka kawunka ya rubuta? Kalma biyu ce, wa ya ɗaure su wuri guda? Wanda bai san waƙar ba zai zuba su a numfashi guda, karin ya karye."

Na dawo gida na buɗe XML, abin da ke ciki lafiya lau yake:

<dango>Ya <aro>Rabbi</aro> <aro>Jalla</aro> ka ba mu ruwa</dango>

Tazarar da ke tsakanin aro na farko da na biyu ita kaɗai ce a wurin, ba harafi gabanta ba harafi bayanta, saboda haka a idon injin guntun rubutu ce wadda ba komi cikinta sai farin fili, daidai da Enter da Tab ɗin da na ce a share. Tauraron nan * kuma bai ware kowa ba. Tazarar bayan "Ya" ta tsira don tana manne da haruffa, strip-space ba ya taɓa guntun da ke da ko harafi guda na gaske, ba ya rage mishi gefe, ba ya rage mishi tsakiya. Kamar shiƙar gero ce cikin iska mai ƙarfi, ƙaiƙayi ya tafi amma ya tafi da tsaba.

Na bincika sauran waƙoƙin, duk inda kalmomin aro biyu sunka biyo juna haka abin yake, kuma Kawu mutum ne mai son jera su.

Gyaran farko da na gwada, na bar tauraron na ƙara <xsl:preserve-space elements="dango aro take"/> a ƙasa. Ya yi aiki, don idan umurnin biyu sunka ci karo wanda ya ambaci suna shi ke rinjayar tauraro. Amma da na kwana da abin sai na ga ban yarda da wannan hanya ba. Gobe in na ƙirƙiro sabuwar baliz, a ce ta sharhi ko ta amshi, na manta ban sa ta cikin jerin waɗanda za a ceta ba, za ta cinye tazara shiru ba wani saƙon kuskure, sai wani dattijon ya sake kirana. Na juya abin:

<xsl:strip-space elements="littafi waka baiti"/>

Waɗannan ukun su ne na tabbata baliz kawai suke ɗauka, ba rubutun mutum cikinsu kai tsaye. Sauran duk a bar su yadda suke, wanda dama shi ne halin XSLT in ba ka ce komi ba. In na manta da wata baliz yanzu, abin da zai faru layi wayam ne ya fito, wannan kuwa ido na zai gani nan take.

Na sake tura waƙoƙin biyar ɗin, na roƙi a goge na farko.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Yau ɗaya gefen na koya, wato farin filin da ke cikin fishiyen XSL kanshi, wanda dokarshi kishiyar ta XML ɗin waƙoƙi ce. A can ana barin fili sai ka ce a share, a nan ana sharewa sai ka ce a bari. Na rubuta xsl:number sai tazara sai xsl:apply-templates, lambar ta fito manne da kalmar farko. Dole sai <xsl:text> </xsl:text>, cikinshi ne fili tsura ke tsira. Ƙarshen kowane ɗango kuma <xsl:text>&#10;</xsl:text>.

Akwai tarko na biyu a nan. Na rubuta kalmar Baiti a layinta ita kaɗai cikin xsl:template ba tare da xsl:text ba, sai ta fito da Enter ɗin gabanta da na bayanta da duk Tab ɗin da na tura ta da su, don tunda akwai harafi ciki guntun gaba ɗaya ya tsira. Yanzu duk wata kalma da zan rubuta da hannuna cikin XSL na rubutu tsura sai cikin xsl:text, ko alamar aya ce.

Laraba, 30 ga Oktoba

Ba aiki. Mun je gona wajen Tibiri ɗaukar wake.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Taken waƙoƙi wasu na da tazara biyu uku a tsakiya, wasu a gaba. normalize-space() ya gyara yawancinsu, yana yanke na farko da na ƙarshe, na tsakiya kuma ya maida su guda. Amma wasu sunka ƙi, musamman masu alamar tambaya ko ɗigo biyu, kullum da ɗan fili kafin alamar.

Na buɗe fishiyen da hexdump, mai nuna lambar kowane harafi, na ga C2 A0 a wurin. Wannan tazara ce mai lamba 160 wadda ba ta barin layi ya karye, kuma ba ta cikin huɗun nan, don haka XML harafi yake ɗaukarta kamar a ko b, strip-space ba ya ganinta, normalize-space ba ya ganinta. Daga ina ta fito? Word ɗin ƙanwata na Faransanci ne kamar na kusan kowa a nan, shi kuma da kanshi yake cusa ta kafin ɗigo biyu da alamar tambaya da ta motsin rai don haka ƙa'idar rubutun Faransanci take. A Hausa ba mu yin haka. Duk wanda ke kwaso rubutun Hausa daga Word a Nijar ya duba wannan, na tabbata tana cikin fishiyenshi.

A take na yi normalize-space(translate(., '&#160;', ' ')), amma wannan tazarar talaka kawai yake mayar da ita, tana nan dai kafin alamar. Daga ƙarshe cikin uwar XML ɗin na bi na cire su duka da nema-da-sauyawa, don ba na Kawu ba ne, ba dalilin ajiye su.

Talata, 5 ga Nuwamba

Shigar da waƙoƙi. Saura na damina.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Waƙoƙin ƙwar biyu Kawu yana tura ɗango na biyu ciki kaɗan, a kaye a fili ake gani, kuma wannan turawar tashi ce, ina son ta. Ƙanwata wani wuri ta yi ta da Tab, wani wuri tazara biyar, wani wuri takwas.

Na fara gwada xml:space="preserve" a kan baiti. Abin da ya kamata a sani, wannan atiribi, wato ƙarin bayanin da ake rubutawa a jikin baliz, ya fi ƙarfin strip-space, kuma yana gangarawa kan duk abin da ke ƙarƙashin baliz ɗin har sai an taras da xml:space="default". To sai layukan wayam ɗina na ranar 9 ga Oktoba sunka dawo cikin baitocin. A HTML kuma turawar ba ta fito ba sam tunda burauza na murƙushe fili, sai an haɗa da white-space: pre-wrap a CSS, mai tsara kamannin shafi, in an sa shi kuma rashin daidaiton biyar da takwas ɗin ya bayyana.

Na cire shi. Turawar nan ma'ana ce, tana cewa wannan ɗango amsar na sama ne, abin da ke da ma'ana kuwa bai kamata a bar shi a hannun abin da ido ba ya gani ba. Yanzu <dango matsa="1"> nike rubutawa, ba fili ko guda a gaban rubutun. XSL na HTML ya maida shi class, CSS ya tura shi, XSL na rubutu tsura ya sa tazara huɗu da xsl:text. Ko'ina daidai.

Wani ƙaramin abu da na ci karo da shi a hanya: na sa bayanin inda anka rera wata waƙa cikin atiribi, layi biyu, ya fito layi guda. Mai karanta XML yana maida Enter da Tab na cikin atiribi tazara tun kafin XSLT ya gan su, sai in &#10; ka rubuta. Na fidda bayanin na yi mishi baliz tashi.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na kai gwajin farko wani shagon buga takardu kusa da babbar kasuwa. Yaron shagon ya buɗe rubutun a Notepad na tsohuwar kwamfuta mai Windows 7, waƙa gaba ɗaya ta fito layi guda dogo ba iyaka. Ya ce, "Yaya, fishiyenka ya lalace." Bai lalace ba. Nawa lamba 10 kaɗai ke ƙarshen layi irin na Linux, Notepad na da kuwa 13 da 10 yake jira tare, sai a 2018 cikin Windows 10 ya koyi karanta 10 ita kaɗai. Ko da uwar XML ɗin a Windows anka rubuta ta ba zai canza komi ba, don mai karanta XML yana maida 13 da 10 su koma 10 tun a bakin ƙofa.

Na ƙara xsl:param guda na ƙarshen layi, in na shago ne &#13;&#10;, in na WhatsApp ne &#10;. Kabu-kabu zuwa da dawowa dala 120, bugun gwaji shafi 6 dala 120.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Koma baya babba. Ɗan yayata da ke karatu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya karɓi kile ɗin don ya taya ni shigar da waƙoƙin damina, kuma ya yi ƙoƙari sosai, ya gama su duka. Sai dai kafin ya ajiye ya danna maɓallin gyara tsari na editan da yake aiki da shi don fishiyen ya yi kyaun gani. Editan ya bi duk ɗangon da ya yi tsawo ya karya shi biyu ya tura rabin ciki da tazara. A burauza ba a ganin komi. A rubutu tsura baitoci sun kakkarye a tsakiya.

Ya ce, "Kawu, wallahi ban taɓa kalma ko guda ba." Gaskiya ya faɗa, kalmomin suna nan, filin ne ya canza.

Kwafin da ke kwamfutata ba shi da sabbin waƙoƙin, don haka gyara ya zama dole. normalize-space(.) a kan dango gaba ɗaya yana daidaita layin amma yana baje baliz aro, karkatar ta tafi. In kuma na sa shi kan kowane guntun rubutu daban, "Ya " ya koma "Ya" ba tazara, mun koma gidan jiya, har ma ya fi na da muni don yanzu YaRabbiJalla zai ba ni.

Dabarar da ta fisshe ni a XSLT 1.0: a manna wani harafi gaba da bayan guntun, a yi normalize-space(concat('x', ., 'x')), sannan a yanke harafin farko da na ƙarshe da substring. Tunda x ya tsare gefe biyu, filin gefe ya zama na tsakiya, ana matse shi ya koma guda amma ba a jefar da shi. Guntun da tazara ce tsura ya zama "x x", a cire x biyu tazara ta rage. Guntun farko da na ƙarshe a cikin ɗango su na yi musu xsl:template nasu daban don a yanke filin bakin layi.

Ban tsaya nan ba, na yi wani XSL na kwafi wanda ya bi uwar fishiyen da wannan dabara sau guda ya maido kowane ɗango layi guda, na ajiye shi a matsayin sabuwar uwa. Na kuma rubuta a saman fishiyen cikin sharhi da manyan haruffa cewa kada kowa ya danna gyara tsari.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Na sauke Java da Saxon-HE na Michael Kay, wani injin XSLT, kyauta ne amma ya ci mini forfe na jaka 1. Dalili, a XSLT 2.0 na 2007 duk wancan wasan x ɗin layi guda ne, replace(., '\s+', ' '). Na gwada fishiyoyina na 1.0 a kanshi, sakamako iri guda da xsltproc, na ji daɗin wannan don injuna ba duka suke da hali guda ba, MSXML na Microsoft misali yana zubar da guntayen fili tsura tun wurin loda takarda in ba ka kunna preserveWhiteSpace ba.

indent="yes" kuma na kashe shi a duk abin da zai je hannun mai karatu. Shi fili yake ƙarawa a fitarwa don tsari ya yi kyau, kuma takardar ƙa'idar XSLT 1.0 da kanta ta yi gargaɗi cewa ba a cika amincewa da shi ba inda rubutu da baliz ke cakuɗe. XSLT 3.0 na 2017 ya zo da suppress-indentation inda za ka lissafa baliz ɗin da ba a taɓawa, zan gwada shi in na zo yin EPUB, littafin karantawa a salula ko kwamfuta.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Na yi ƙaramin gwaji na kaina: fishiye mai ɗango shida masu wuya, aro biyu a jere, aro a farkon layi, aro manne da waƙafi, mai lamba 160, mai matsa, da wanda anka karya biyu. Duk sanda na taɓa XSL sai in gudu da shi in kwatanta sakamakon da na baya da diff, mai nuna bambancin fishiye biyu. cat -A kuma yana nuna mini Tab da ƙarshen layi ƙuru-ƙuru.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Na kai ma Malam bugun takarda na waƙoƙin wa'azi. Ya bi su da yatsa yana rerawa ƙasa-ƙasa, ya tsaya wuri biyu, duka biyun kuskuren bugu ne na kalma, ba na fili ba, na gyara a uwar fishiye. Ya kuma ce waƙar Gulbi tana da amshi da ake maimaitawa bayan kowane baiti wanda Kawu bai rubuta ba sai sau guda a sama, yana so ya fito a ko'ina. Wannan sabuwar baliz ce, amshi, rubutu ne cikinta saboda haka ba za ta shiga jerin strip-space ba.

Mai shago ya ce kwafi 30 da bango mai kauri jaka 45, zan ji ta bakin dangi kan wanda zai kawo nawa. Sati mai zuwa: amshi, shafin abin da ke ciki, sannan waƙoƙi huɗu da Kawu ya rubuta da ajami waɗanda ba a buga ba tukuna, sai na nemo allon bugu na Larabci da font mai haruffan ajamin Hausa kafin in fara su.